Ƙafar Goggo da Likitar Ɓeraye



Shekara uku Goggonmu ta yi tana kwana da ƙafafunta a wajen zanin rufa. Ko a tsakiyar hunturu, lokacin da iska ke kaɗowa ta hanyar Dass har mutum ya ji tsoron taɓa ruwan randa, ita sai ta lulluɓe jikinta duka ta bar tafin ƙafa a fili. Ta ce idan zani ya goge su ji take kamar an watsa mata garwashi. Mu kuwa sai mu haska fitilar waya mu duba: babu kumburi, babu rauni, babu ko ƙurji ɗaya. Ƙafa lafiya lau a ido.

Mu ne 'ya'yan ƙaninta, kuma a gidanmu take zaune tun rasuwar mijinta. Tun da mun ɗauki alƙalami, gara mu faɗi gaskiya a kanmu: raki muka ɗauka take yi. Ba mu taɓa faɗa mata a fuska ba, amma a zaure mun sha faɗa. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce so take a riƙa kula da ita. Matan gidan suka ce sanyi ne ya shige ta. Wata maƙwabciya ta rantse cewa wani abu ta taka a hanyar kasuwa. Aka yi hayaƙi, aka yi shafe-shafe, aka jiƙa saiwoyi. Daga nan aka koma kemis, inda ake ƙulla mata haɗin ƙwayoyi a leda, fari da ja da ruwan ɗorawa, babu wanda ya san sunan ko ɗaya. Zafin ƙafa bai tafi ba, sai ga ciwon ciki ya ƙaru a kai. Ranar da wani yaro ya kawo shawarar a gwada mata tramol, har an fara lissafin kuɗi kafin Yaya ya daka tsawa. Ya yi gaskiya. Binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba, kuma mu da muke zaune a unguwa mun san wasu da ciwon baya na gaskiya suka fara.

Wadda ta fitar da mu daga wannan duhu ita ce wadda muka fi rainawa a gidan, wato Autarmu.

Auta likita ta so zama. Makinta bai kai ba, aka ba ta fannin nazarin yadda sassan jikin ɗan Adam ke aiki. Ta gama, ta yi hidimar ƙasa, ta koma digiri na biyu a wata jami'a, tana wuni a ɗakin gwaje-gwaje da fararen ɓeraye. Mu da muka tashi a Yelwa, da jami'ar ATBU a ƙofar gidanmu da ɗalibanta suna haya a lungunanmu, ya kamata a ce mun fi kowa sanin darajar irin wannan karatu. Amma ina! A wurinmu karatun lafiya iri biyu ne: wanda ke rataya abin awo a wuya, da wanda bai samu shiga ba. Likitar ɓeraye muke kiranta. Idan ta dawo hutu yara su tare ta da tambayar ko majinyatanta sun warke.

A wani hutun ne ta kwana ɗakin Goggo, ta ga yadda take raba dare tana jiƙa ƙafa a bokiti. Da safe ta zaro tsinke mai laushi daga tsintsiya, ta ce, “Goggo, rufe idonki. In kin ji na taɓa ki, ki ce kin ji.” Ta dangwala a babban yatsa. Shiru. Ta dangwala a na kusa da shi. Shiru. Sai da ta hau wajen idon sawu Goggo ta ce ta ji. Sannan ta ɗauko auduga ta shafa a hankali a bayan ƙafar, sai Goggo ta zabura ta janye tana cewa, “Ke Auta, kashe ni za ki yi?”

Muna tsaye muna kallo. Ƙafar da ba ta jin tsinke ita ce ke ƙonewa da auduga. Mai raki ba zai iya tsara wannan ba, domin ba zai ma san haka abin yake ba.

Auta ta dage a je asibiti a auna suga. Aka auna, ya hau sosai, kuma likita ya ce da alama ya daɗe a haka. Shi ma da wani zaren roba ya taɓa tafin ƙafarta, kusan yadda Auta ta yi. Ya ce ciwon suga ya cinye mata jijiyoyin ƙafa, kuma abu ne da ke samun masu suga da yawa idan ciwon ya daɗe ba a kula da shi ba.

A nan muka fara cin karo da harshenmu. Bahaushe jijiya yake ce wa hanyar jini, jijiya yake ce wa agarar da ke ɗaure nama da ƙashi, jijiya kuma yake ce wa farin zaren da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Shi ya sa da aka ce ciwon jijiya ne, Goggo ta ce to a nemo mai tausa. Auta ta kwashe daren nan tana yi mana bayani a tsakar gida, kuma abin da muka riƙe shi ne muke son ba ku.

Ciwo ba a cikin nama yake zaune ba kamar ƙaya. Saƙo ne. Akwai siraran jijiyoyi a fata da ƙashi da kayan ciki waɗanda aikinsu kawai su hango haɗari. Idan sun hango, sai su aika saƙo zuwa laka, wadda ke cikin ƙashin baya, laka ta miƙa wa ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa kuma ita ce ke yanke hukuncin cewa wannan abu ciwo ne. A bakin waɗannan jijiyoyi akwai wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. A 1997 wani masani a Kalifoniya ta Amurka, David Julius, da ɗalibansa suka gano ɗaya daga ciki ta hanyar barkono. Tambayar da suka yi mai sauƙi ce: me ya sa barkono ke da zafi alhali ba wuta ba ne? Suka gano cewa sinadarin da ke cikin barkono yana buɗe wata ƙofa da suka kira TRPV1, kuma wannan ƙofar ce dai ke buɗewa idan zafi ya haura digiri 43. Wato a wurin jijiya, attarugu da tafasasshen ruwa magana ɗaya suke yi. Mun yi dariya da muka ji haka, domin kakanninmu sun riga sun haɗa zafin wuta da zafin barkono da zafin ciwo a kalma ɗaya. Bayan shekara biyar aka gano ƙofar sanyi, wadda sinadarin na'a-na'a ke buɗewa, shi ya sa man zafi ke sa fata ta ji sanyi-sanyi ko ana tsakiyar bazara.

To idan suga ya lalata jijiya, abu biyu ke faruwa tare. Wasu zaruruwan su mutu, sai wurin ya daina jin tsinke. Wasu kuma ba su mutu ba, sun dai lalace, sai su riƙa harba saƙon wuta ba tare da wata wuta ba, kamar wayar lantarki da ɓera ya ɓare tana tartsatsi.

Amma abin da ya fi taɓa mu shi ne na laka. Tun 1965 masana biyu, Ronald Melzack ɗan Kanada da Patrick Wall ɗan Ingila, suka ce a cikin laka akwai wani abu kamar maigadi, wanda ke iya barin saƙon ciwo ya wuce ko ya rage shi. Shi ya sa idan yaro ya buge goshi uwa ke murza wurin: saƙon murzar yana cika ƙofar, na ciwon ya ragu. A 1983 kuma Clifford Woolf, haifaffen Afirka ta Kudu da ke aiki a Landan, ya nuna a jikin ɓeraye cewa idan saƙon ciwo ya daɗe yana dukan laka, ita kanta lakar canzawa take yi. Auta ta ce mu ɗauka maigadi ne da ɓarayi suka taɓa ɗaurewa suka yi wa duka. Daga ranar ba ya sake barci. Kyanwa ta taka kwano, ya busa usur. Iska ta kaɗa labule, ya tara unguwa. Ɓarayin sun tafi tuntuni, amma ihun nasa na gaske ne, kuma duk mai barci sai ya farka. Haka zanin Goggo ya zama garwashi.

Wannan ne ya sa likitoci suka daina kallon ciwon da ya daɗe a matsayin alamar wata cuta kawai. A sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ciwon da ya wuce wata uku yana ci ko yana dawowa an ba shi babinsa na kansa. Duk wanda ke da ɗan uwa da ya karye a hatsarin babur, ƙashi ya ɗinke, hoto ya nuna lafiya, amma har yau yana cewa ƙafar na yi masa zugi, to ya daina ce masa ya cika son jiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maganin da likita ya rubuta wa Goggo, bayan na suga, ya kusa jawo rigima. Wani ɗanmu ya duba sunan a waya ya ga asalinsa na masu ciwon damuwa ne, ya kai mata labari. Goggo ta ce ita ba mahaukaciya ba ce, a mayar musu da abinsu. Sai da Auta ta zauna a gabanta ta ce, “Goggo, ba don kanki aka ba ki ba. Akwai hanyar da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa laka tana ce wa maigadin nan ya kwantar da hankalinsa. Wannan maganin, ɗan kaɗan ɗinsa, ƙarfi yake ƙara wa wannan hanyar.” Goggo ta ce, “In dai maigadin zai yi barci, kawo.” Da gangan ba mu ambaci sunan maganin ba, domin mun san halinmu: gobe sai a cika kemis. Ba kowa yake yi wa aiki ba, yana busar da baki, yana sa jiri da barci, kuma akwai masu ciwon zuciya da bai dace da su ba. Likita ne ke aunawa. Ita ma Goggo ba warkewa ta yi ba. Ta ce wutar ta koma rushi. Amma tana barci, kuma an koya mana duba tafin ƙafarta kullum, tun da ƙaya na iya shiga ba ta sani ba.

Bayan wannan ne muka fara tambayar Auta abin da take yi da ɓerayen nan, tambayar da ba mu taɓa yi ba cikin shekara biyu.

Ashe kusan abin da ta yi wa Goggo take yi musu. Akwai wasu siraran zaruruwa masu ƙarfi daban-daban da ake dangwala wa ɓera a tafin ƙafa a ga wanne zai sa ya janye. Sunan Max von Frey suke ɗauke da shi, wani masani da ya fara wannan awo da gashi a ƙarshen ƙarni na 19. Ɓeran da jijiyarsa ta lalace yakan janye ƙafa daga zaren da lafiyayye ko kulawa ba zai yi ba. Sai a ba shi abin da ake gwadawa, a sake aunawa, a rubuta. Gobe a sake. Jibi a sake. Ta ce rabin aikin jira ne, sauran rabin wanke keji. Da kuɗin aljihunta take sayen abincin ɓerayen. Sau ɗaya wuta ta ɗauke kwana uku, janareta babu mai, duk abin da ta tara a firji na wata huɗu ya lalace, ta faro daga farko. A lokacin ta kira gida tana kuka, mu kuma, Allah Ya yafe mana, muka ce a kan ɓera?

Ta ba mu labarin wani da take ƙarfafa kanta da shi. Ardem Patapoutian a Bairut ta Labanon aka haife shi, yaƙin basasa ya kore shi zuwa Amurka a 1986 yana saurayi, har kai wa mutane abinci gida ya yi don ya rayu. Da ya zama shugaban ɗakin bincike, sai ya sa gaba a nemo ƙofar da ke sa jiki jin taɓawa da matsi. Wani matashin mai bincike a ƙarƙashinsa, Bertrand Coste, ya jera ƙwayoyin gado 72 da ake zargi, yana kashe su ɗaya bayan ɗaya yana dangwalar ƙwayar halitta da siririn gilashi ya ga ko za ta daina amsawa. Guda 71 babu komai. Kusan shekara ya yi a haka. Na 72 ne ya zama Piezo1, aka wallafa a 2010. A 2021 aka ba Patapoutian da Julius kyautar Nobel. Mu abin da ya tsaya mana a rai ba kyautar ba ce, guda 71 ɗin nan ne. Da a gidanmu Coste yake, tun a na goma za mu ce ya nemi jari ya buɗe shagon POS.

Kuma ko an gano, magani ba ya zuwa da wuri. A 2006 masana a Kambirij ta Ingila suka ba da labarin wasu yara shida daga iyalai uku a arewacin Pakistan waɗanda ba su taɓa jin ciwo ba tun haihuwa. Abin da ya kai su can labarin wani yaro ne mai wasa a titi, yana soka wuƙa a hannu yana taka garwashi, wanda ya rasu yana shekara 14 bayan ya diro daga saman gida. Rashin jin ciwo ba gata ba ne: yaran sun ciji harsunansu da leɓunansu, sun karye ba su sani ba. Aka gano ƙofa ɗaya ce tak a jijiyarsu ba ta aiki. Kamfanoni suka yi ca, kowa na neman maganin da zai toshe ta, aka yi ta faɗuwa. Sai a Janairun 2025 Amurka ta amince da wani magani mai toshe 'yar uwar wannan ƙofar, wanda ba dangin tramol ba ne. Shi ma don ciwo na ɗan lokaci aka amince da shi, kamar na bayan tiyata. Irin na Goggo har yanzu ana kan nema.

Abin da ya sa muka ga maganar ta wuce ta gidanmu shi ne sikila. Babu layin da za ka bi a Yelwa ba ka samu gidan da ke da mai amosanin jini ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa. Mun san tashin ciwon, lokacin da jini ke toshewa yaro na murƙususu. Abin da ba mu cika sani ba shi ne da yawa daga cikin manyansu suna cikin ciwo kusan kullum, ko babu tashi, domin shekarun da jijiyoyinsu suka yi suna shan duka sun mayar da maigadin nan marar barci. Irinsu ne idan suka nemi allura ake yi musu kallon 'yan ƙwaya. A 2011 masu bincike a Amurka suka nuna a ɓerayen da aka sa wa sikila cewa ƙofar barkonon nan tana da hannu a yadda fatarsu ke jin zafin taɓawa. Ɓerayen suna can, majinyatan suna nan.

Ba wai ba a taɓa yunƙurawa a nan ba. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta fitar da Niprisan don rage tashin sikila, kuma cikin kayan haɗinsa akwai masoro da kanumfari da dawa, abubuwan da ke kowace kasuwa tamu. Kamfanin da aka ba lasisi ya durƙushe, maganin ya yi shekaru babu shi. A kusa da mu kuma, Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Jihar Yobe da ke binciken cutar mantuwa a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya jagoranci buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021, da na'urorin da a da sai an fita waje ake ganinsu. Shi da abokan aikinsa sun taɓa bin diddigin binciken ƙwaƙwalwa da jijiya da aka yi a Najeriya cikin shekara ashirin, suka ga kaso mai yawa gwajin tsirrai ne a kan ɓeraye, kaɗan ne ke kaiwa ga duba abin da ke faruwa a cikin ƙwayar halitta, saboda babu kayan aiki. Auta ta ce ita ma a nan ta tsaya: tana iya nuna cewa ɓera ya daina janye ƙafa, ba ta da abin da za ta duba dalili.

Watan jiya aka yi zaman gida a kanta. Ta kusa gamawa, akwai sauran kuɗin sinadarai da na makaranta, ga kuma wani aiki da aka samo mata a wani kantin magani a cikin gari, albashi kaɗan amma tabbas. Ita kuma tana son ta ƙarasa, ta nemi horo a Damaturu, ta koma kan ciwon masu sikila. Ba mu haɗu a kan magana ɗaya ba, kuma ba za mu ɓoye ba: masu cewa ta karɓi aikin suna da hujja. Mun ga waɗanda suka yi digiri na biyu suna zaune. Babu wanda zai iya yi mata alƙawarin cewa bayan shekara goma za ta gano wani abu, ko ma za a biya ta. Yaya ya ce shi tsoronsa kada ta tsufa tana wanke keji.

Goggo ba a saka ta a zaman ba, tana ɗaki. Sai ga ta ta fito tana dafa bango, ta kwance bakin zani ta ajiye kuɗin adashinta a gaban Yaya. Ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake nema ba. Ta ce, “Ku cika.” Yaya ya ce, “Goggo, wannan ai na maganinki ne.” Ta ce ta sani.

Mun cika rabi. Sauran mun ce sai ƙarshen wata, idan albashi ya shigo. Auta ta koma ranar Lahadi da buhun dusar ɓeraye a bayan mota, Goggo kuma ta sa an kira ta da daddare don ta ji ko sun isa lafiya, ita da dusar.